Roots ko tarihin Malcolm X: wanne ya kamata a fara karantawa cikin littattafan Alex Haley?

Littattafai biyu ne suka fito da sunan Alex Haley a duniya. Na farko shi ne The Autobiography of Malcolm X, tarihin rayuwar Malcolm X, fitaccen mai fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, daga bakinsa, wanda ya fito a 1965. Na biyu shi ne Roots, labarin Kunta Kinte, Ba'afirken da aka kai bauta Amurka, da zuriyarsa, wanda ya fito a 1976. Duka biyun da Turanci aka rubuta su, duka biyun masu kauri ne, kuma duka biyun sun taɓo abubuwan da ke kusa da zuciyar mai karatu Bahaushe: bauta, Musulunci, asali da mutuncin baƙar fata. Amma ba kaya ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauki ɗaya yana neman abin da ke cikin ɗayan, da takaici zai ajiye shi.

Shawararmu ita ce wanda ke da kuɗin littafi ɗaya, ko lokacin karanta ɗaya, ya fara da na Malcolm X. Roots ya biyo baya, kuma a karanta shi a matsayin ƙagaggen labari da aka gina a kan tarihi, ba a matsayin tarihin kansa ba. Akwai masu karatun da wannan shawara ba ta dace da su ba, za mu zo kansu.

An haifi Haley ranar 11 ga Agusta 1921 a Ithaca ta jihar New York, amma a Henning, wani ƙaramin gari a jihar Tennessee, ya yi farkon ƙuruciyarsa a gidan kakanninsa na wajen uwa. A barandar gidan ne yake jin kakarsa Cynthia da sauran tsofaffin matan dangi suna tisa labarin wani kakan kakanninsu da suke kira "Ba'afirke", wanda aka kama shi ya fita saran itacen da zai yi ganga, kuma ya ƙi amsa sunan da ubangidansa ya laƙa masa. A 1939 Haley ya bar kwaleji ya shiga rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka a matsayin mai hidimar abinci, aikin da aka fi ba baƙaƙe a lokacin. A cikin jirgi ya koyi rubutu, yana rubuta wa abokan aikinsa wasiƙun soyayya, yana aika gajerun labarai ga mujallu ana dawo masa da su. Ya yi shekara 20 a rundunar, ya bar aiki a 1959 da muƙamin babban ɗan jaridarta. Daga nan ya riƙa rubuta wa Reader's Digest, ya kuma yi dogayen hirarraki da aka buga a mujallar Playboy: da mabushin ƙahon jaz Miles Davis a 1962, da Malcolm X a 1963, da Martin Luther King a 1965. Ya rasu ranar 10 ga Fabrairu 1992 a Seattle sakamakon bugun zuciya.

Abin riƙewa a wannan tarihi shi ne Haley ɗan jarida ne kuma gwanin ba da labari, ba masanin tarihi ba ne da aka horar wajen tantance takardu. Baiwarsa ita ce sa mutum ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, sannan ya tsara maganar ta yadda ba za a iya ajiye littafin ba. Inda yake da mutum mai rai a gabansa yana duba abin da ya rubuta, aikin ya tsaya da ƙafarsa. Inda ya rage daga shi sai tsofaffin takardu da labarin baka na shekara 200, son labari ya rinjayi hujja. Bambancin littattafan biyu daga nan ya taso.

Yadda aka yi littafin Malcolm X

Haley ya fara hulɗa da Nation of Islam, ƙungiyar addini ta baƙaƙen Amurka da Elijah Muhammad ke jagoranta, ne lokacin da ya yi rubutu a kanta a Reader's Digest a 1960. A 1963 kamfanin ɗab'i na Doubleday ya nemi littafi a kan Malcolm, wanda a lokacin shi ne babban kakakin ƙungiyar. Sai da Elijah Muhammad ya ba da izini kafin Malcolm ya yarda, kuma da farko rabonsa na kuɗin littafin asusun ƙungiyar aka ce zai tafi. Daga 1963 zuwa farkon 1965 sun zauna fiye da sau 50, galibi da dare, a ɗakin aikin Haley da ke unguwar Greenwich Village a New York. Zaman farko-farko ba su haifar da abin kirki ba, don Malcolm wa'azin ƙungiya kawai yake yi da yabon shugabanta, ba ya cewa komai a kan kansa. Haley ya lura yana yawan rubuce-rubuce a kan duk takardar da ke gabansa, sai ya riƙa ajiye masa takardun goge baki kusa da kofin gahawa, in ya tafi ya tattara ya karanta ya samo tambayoyi. Ƙofar ba ta buɗe sosai ba sai daren da ya tambaye shi labarin mahaifiyarsa. Daga nan Malcolm ya yi ta magana har kusan asuba, kuma yawancin babin farko daga wannan zama ya fito.

Sun yi sharaɗi biyu masu muhimmanci. Malcolm ya ce kada a sa abin da bai faɗa ba, kada kuma a cire abin da yake so ya shiga, kuma yana karanta babobin yana gyarawa da jar tawada. Shi kuma Haley ya nemi a bar shi ya rubuta nasa bayanin a ƙarshen littafin ba tare da Malcolm ya duba ba. Wannan bayani na ƙarshe, mai shafi kusan 70, yana cikin mafi amfanin sassan littafin, domin a nan ne aka ga yadda aka yi aikin, da watannin ƙarshe na rayuwar Malcolm, da kisansa ranar 21 ga Fabrairu 1965 a zauren Audubon da ke New York. Bayan kisan Doubleday ya janye, kamfanin Grove Press ne ya buga littafin a ƙarshen shekarar.

Babi 19 ne. Ya fara da haihuwarsa a Omaha a 1925, da mutuwar mahaifinsa Earl Little a kan layin tarago a Lansing a 1931, da yadda aka kai mahaifiyarsa Louise asibitin masu taɓin hankali aka rarraba 'ya'yan. Sai rayuwar Boston da Harlem: caca, ƙwaya, kawalci, fasa gidaje. A 1946 aka ɗaure shi, ya fito a 1952. A kurkuku ya kwafe ƙamus shafi bayan shafi don ya mallaki kalmomi, yana karatu da hasken fitilar baranda bayan an kashe wutar ɗaki. Duk malamin da ke neman abin da zai sa matashi ya ɗauki littafi da gaske, babi na 11 ya ishe shi.

Akwai inda masu karatu Musulmi suke yawan tuntuɓe, kuma ya kamata a san da shi kafin a fara. Daga babi na 10 zuwa wajen na 15, Malcolm yana magana ne a matsayin mabiyin Elijah Muhammad. Aƙidar ƙungiyar a lokacin ta ce wani mutum mai suna W. D. Fard, wanda ya bayyana a Detroit a 1930, shi ne Allah a siffar mutum, Elijah Muhammad kuma manzonsa, sannan farar fata shaiɗanu ne da wani masani mai suna Yakub ya ƙirƙiro dubban shekaru da suka wuce. Kowane Musulmi ya san wannan ya rushe kalmar shahada tun daga tushe. Mai karatu yana iya rufe littafin a nan cikin fushi, wani kuma ya yanko jimla daga waɗannan babobi ya yaɗa a Facebook da sunan matsayin Malcolm X. Duka biyun kuskure ne, kuma ga dalilinsa. Ana tsakiyar rubuta littafin aka dakatar da Malcolm a Disamba 1963 saboda abin da ya faɗa kan kisan Shugaba Kennedy, a Maris 1964 ya fita daga ƙungiyar, a Afrilu ya tafi aikin Hajji. Da ya dawo ya so ya sake rubuta babobin baya ya cire yabon Elijah Muhammad. Haley ya lallashe shi ya bar su yadda suke, don mai karatu ya bi shi mataki-mataki ya ga sauyin da idonsa. Saboda haka mutumin da ke magana a babi na 12 ba shi ne mai magana a babi na 18 ba. A ƙarshen babi na 10 ma Malcolm ya tsoma baki ya ce daga baya ya gane irin waɗannan tatsuniyoyi suna fusata Musulmin Gabas, kuma ya gaya musu a Makka cewa su ma da laifinsu, tunda ba su yi abin da ya kamata ba wajen kai sahihin Musulunci ƙasashen Yamma.

Babi na 17 da na 18 su ne ladan haƙurin mai karatu. Ga babban mai wa'azin da dubbai ke sauraro a Amurka, ya sauka a Jidda bai iya sallah da Larabci ba, idon sawunsa ya ƙi lanƙwasuwa don zaman tahiya, an tsare shi sai ya bayyana gaban kotun da ke tantance musuluncin baƙi. 'Yar'uwarsa Ella ce ta ba shi kuɗin tafiyar. Wasu manyan mutane a Jidda, iyalan Azzam, suka taimake shi, Yarima Faisal na Saudiyya ya mai da shi baƙon gwamnati. Ya ci a akushi ɗaya da Musulmi masu shuɗin ido, ya rubuto wasiƙa gida yana cewa abin da ya gani ya tilasta masa sake tunani a kan launin fata. A Mayu 1964 ya zo Najeriya, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka sa masa suna Omowale, sannan ya wuce Gana ya gana da Kwame Nkrumah. Duk wanda ya taɓa yin Hajji, ko ya raka alhaji filin jirgi, zai karanta waɗannan shafuka da wata irin fahimta.

Littafin yana da nasa giɓin. Tarihin kai ne, mai shi ya zaɓi abin da zai faɗa, an kuma sauya sunayen wasu mutane. Masanin tarihi Manning Marable, a littafinsa na 2011 kan rayuwar Malcolm, ya kawo hujjar cewa Malcolm ya zuzuta munin laifukansa na ƙuruciya don tubarsa ta ƙara fitowa fili, kuma Haley, wanda ra'ayinsa na siyasa ya fi na Malcolm sanyi, ya yi tasiri a kan fasalin littafin. Akwai babobin da aka rubuta ba a buga ba, ɗaya daga cikinsu ya shiga hannun cibiyar Schomburg mai adana tarihin baƙar fata a New York a 2018. Malcolm ya ɗora mutuwar mahaifinsa a kan 'yan wariyar launin fata, hukuma kuwa haɗari ta rubuta. Sannan labarin kisan da ke bayanin Haley ya tsufa: a Nuwamba 2021 kotu ta wanke biyu daga cikin mutum uku da aka ɗaure, Muhammad Aziz da Khalil Islam. Duk da haka, ginshiƙan labarin, wato kurkuku, ƙungiya, rabuwa, Hajji da kisa, abubuwa ne da suka faru a idon jama'a kuma takardu sun tabbatar da su.

Roots: abin da ke ciki da abin da aka gano daga baya

Haley ya ƙulla yarjejeniyar wannan littafi da Doubleday tun 1964, ya shekara 12 yana aikinsa. Babi 120 ne gajeru-gajeru. An haifi Kunta Kinte a 1750 a Juffure, bakin kogin Gambiya, ɗan Omoro da Binta, Bamandinke Musulmi, jikan wani malami da ya zo daga Muritaniya. Babobi talatin da 'yan kai na farko duk a ƙauyen suke, kuma Bahaushe zai ji kamar a gida yake: uba yana raɗa wa jariri suna a kunne, yara suna zuwa makarantar Alƙur'ani safe da yamma, kiwon awaki, yunwar damina kafin sabon hatsi ya nuna, kaciya da horon samari. Masu karatu a Amurka da yawa sun ga wannan sashe ya yi tsawo. Mu a wurinmu yana da sauƙin bi, sai dai an wanke ƙauyen tas, an mai da shi wurin da kusan babu aibu.

A 1767, yana ɗan shekara 17, aka kama Kunta aka sa shi a jirgin Lord Ligonier. Babobin ƙetare teku su ne mafi ƙarfin rubutun Haley gaba ɗaya: duhu, sarƙa, ƙazanta, gyambo a kafaɗu, yadda mutane masu harsuna daban-daban suka riƙa isar da magana daga baki zuwa baki suna shirya tawaye. Littafin ya ce mutum 140 aka ɗora, 98 suka isa Annapolis ta jihar Maryland da rai ranar 29 ga Satumba 1767. Aka sayar da shi ga John Waller a Virginia, aka sa masa suna Toby. Ya gudu sau huɗu, a na huɗun aka sare masa rabin ƙafa. Ya ƙi cin naman alade, ya riƙe sallarsa gwargwadon iko, yana jefa tsakuwa a cikin gora duk sabon wata don ya san shekarunsa. Ya auri Bell mai dafa abinci, suka haifi Kizzy, yana koya mata sunayen abubuwa da harshen Mandinka.

A wajen kashi biyu cikin uku na littafin aka sayar da Kizzy, saboda ta rubuta wa saurayinta takardar izinin tafiya ta jabu. Daga wannan shafi ba a sake jin ɗuriyar Kunta da Bell ba. Masu karatu da yawa a nan suke tsayawa, suna ganin marubucin ya yi sakaci. Ba sakaci ba ne: haka cinikin bayi yake yanke iyali, wanda aka sayar ba ya sake jin labarin iyayensa, kuma Haley ya sa mai karatu ya ɗanɗani wannan rashin. Abin da ya biyo baya dai bai kai na farko ƙarfi ba. Babobin Chicken George, ɗan da Kizzy ta haifa bayan sabon ubangidanta Tom Lea ya yi mata fyaɗe, sun cika da bayanin faɗan zakaru har ya gundura. Zuriyar ƙarshe, daga Tom maƙeri zuwa ƙaura Henning bayan yaƙin basasar Amurka, a gurguje aka bi ta kansu. Babobi uku na ƙarshe Haley ne da kansa yake ba da labarin bincikensa.

Waɗannan babobi uku su ne tushen rigimar. Haley ya ce kalmomin da kakarsa ta riƙe, irin su "ko" da "Kamby Bolongo", masanin tarihin Afirka Jan Vansina ya danganta su da Mandinka da kogin Gambiya. Ya ce a 1967 ya je Juffure, wani tsoho mai suna Kebba Kanji Fofana ya jero masa tarihin gidan Kinte har ya kai kan wani Kunta da ya fita saran itace bai dawo ba. A 1977 ɗan jaridar Ingila Mark Ottaway ya je Gambiya ya ba da rahoton cewa Fofana ba ya cikin masu riƙon tarihin baka da aka horar, kuma labarin abin da baƙon yake nema ya riga shi isa ƙauyen. Masanin tarihi Donald Wright ya ƙarfafa wannan a 1981. Wanda ya san maroƙan ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba: in maroƙi ya riga ya ji gidan da kake so a danganta ka da shi, zai jero maka kakanni har ka yi ƙwalla, kuma wannan ba ya zama hujjar nasaba. A 1981 ɗin dai masu binciken tarihi da nasaba Gary Mills da Elizabeth Shown Mills suka bi takardun Virginia, suka tarar bawan da ake kira Toby yana cikin dukiyar gidan Waller tun 1762, shekara 5 kafin Lord Ligonier ya iso, kuma alamu sun nuna ya mutu shekaru kafin lokacin da aka ce an haifi Kizzy. Juffure ma ba ɓoyayyen ƙauye ba ne da ke jin labarin Turawa daga nesa. Yana dab da Albreda inda Faransawa ke ciniki, da tsibirin James inda Ingilishi ke da ganuwa, a cikin masarautar Niumi da ke karɓar haraji daga jiragen fatake.

Sai batun satar fasaha. Harold Courlander ya kai ƙara cewa an kwashi sassa daga littafinsa The African na 1967. A Disamba 1978 aka sasanta a wajen kotu, Haley ya biya dala 650,000, ya kuma amsa cewa wasu abubuwa daga littafin sun shiga nasa. Ƙarar da Margaret Walker ta shigar kan littafinta Jubilee kuwa kotu ta kore ta.

Abin da ya tsaya bayan duk wannan tankaɗe yana da yawa. Jirgin Lord Ligonier na gaske ne, ya kuma iso Annapolis daga Gambiya a 1767. Dangin Haley na bayan yaƙin basasa suna cikin takardun ƙidayar jama'a. Haley da kansa ya rubuta a ƙarshen littafin cewa yawancin hirarraki da aukuwar da ke ciki ƙagawa ya yi bisa abin da bincikensa ya nuna masa. Igiyar da ta tsinke ita ce wadda ta ɗaure gidansu da wani takamaiman mutum a Juffure. Amma kama Musulmi masu karatu daga yankin Senegal da Gambiya a kai su gonakin Amurka abu ne da ya faru. Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatanin Bundu, an kama shi a bakin kogin Gambiya, an sauke shi a Annapolis ɗin nan, ya yi bauta a gonar taba, wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin 'yancinsa, ya koma gida a 1734. Omar ibn Said na Futa Toro ya rubuta tarihin kansa da Larabci a 1831 yana bawa a North Carolina, kuma rubutun yana ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Saboda haka bai kamata a yar da Roots ba. Ya sami lambar Pulitzer ta musamman a 1977, ya sa miliyoyin baƙaƙen Amurka sun fara neman asalinsu, har Gambiya ta sauya wa tsibirin James suna zuwa tsibirin Kunta Kinteh a 2011.

Wajen zaɓi

Harshe shi ne abu na farko da za a auna, kuma mutane ba su cika tunaninsa ba. Littafin Malcolm magana ce ta baki da aka zuba a takarda, jimloli miƙaƙƙu, muryar mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Wahalarsa kawai salon maganar 'yan titin Boston da Harlem a babi na 3 zuwa na 9, kuma sau da yawa yana fassara su da kansa. Roots yana farawa da sauƙi, amma daga isa Virginia hirar bayi duk da karyayyen Turancin gonakin kudu aka rubuta ta, an sauya haruffan kalmomi yadda ƙamus ba zai taimaka ba. Wanda Turancinsa na makaranta ne zai yi ta tsayawa. Dabarar ita ce a karanta hirar a bayyane, kunne yana gane abin da ido ya kasa, kuma bayan babi biyar ko shida an saba.

Tsawo: na Malcolm yana tsakanin shafi 450 da 550 gwargwadon bugu, Roots tsakanin 700 da 900. Mai karanta shafi 20 a rana zai gama na farko cikin mako 3 zuwa 4, na biyu cikin mako 5 zuwa 7. Sai dai gajerun babobin Roots sun fi dacewa da mai karatu a ɗan tsakanin aiki, ko ƙungiyar da ke haɗuwa mako-mako, alhali babin Malcolm ɗaya yana iya cin awa guda.

Ga iyaye da malamai, babu ɗaya daga cikinsu da za a miƙa wa yaro ƙarami ba tare da babba ya fara dubawa ba. Roots yana da fyaɗe da azabtarwa. Na Malcolm yana da shaye-shaye da karuwanci a babobin tsakiya, ga kuma aƙidar Fard da Yakub da ke buƙatar wanda zai yi wa matashi bayani. Ɗalibin babbar sakandare ko jami'a zai amfana da shi ƙwarai in an gaya masa tun farko cewa hukunci sai ya kai babi na 19.

Waɗanda ya kamata su fara da Roots su ne marubutan labari da masu rubuta fim, domin darasi ne a kan yadda ake jan labarin gida ɗaya tsawon zuriya bakwai, da yadda kalmomi kaɗan da ake gada daga uwa zuwa ɗa suke riƙe littafi sukutum. Haka ma wanda bai taɓa karanta komai a kan cinikin bayi ta tekun Atlantika ba, wanda ke buƙatar fuska da suna kafin alƙaluma su yi masa ma'ana. Mai rubuta kundin digiri kuwa kada ya kafa hujja da Roots a kan tarihin Gambiya ko nasabar Kinte, mai duba aikinsa zai soke ta, kuma da gaskiyarsa. Ya nemi alƙaluma a rumbun SlaveVoyages na intanet, inda aka ƙiyasta mutum miliyan 12.5 aka ɗora a jirage, ƙasa da 400,000 daga cikinsu aka kai Amurka ta Arewa kai tsaye. Mafi yawa Brazil da tsibiran Karebiyan aka kai su, kuma Hausawan da aka sayar a farkon ƙarni na 19 a Bahia ta Brazil aka fi samun sawunsu, inda suka shiga yunƙurin tawaye tun daga 1807. Wanda ke neman labarin nasa mutanen a wancan gefen teku, can zai duba, ba Virginia ba. Mai bincike a kan Malcolm kuma ya haɗa littafin da na Marable, ko da The Dead Are Arising na Les Payne da Tamara Payne da ya fito a 2020.

Fim ba ya maye gurbin littafi a nan. Shirin talabijin na Roots da tashar ABC ta nuna dare 8 a jere a Janairu 1977, wanda aka ƙiyasta mutum miliyan 130 sun kalli wani sashe nasa, ya taƙaita zaman Afirka ƙwarai, ya ƙara wa Turawa matsayi a labarin, har da kyaftin ɗin jirgi mai jin nauyin zunubinsa, ya kuma sauya sunan Tom Lea zuwa Tom Moore. An sake yin shirin a 2016. Fim ɗin Spike Lee na 1992 a kan Malcolm, wanda Denzel Washington ya fito a ciki, ya haɗe wasu mutane ya mai da su mutum ɗaya, ya ƙirƙiro wani fursuna mai suna Baines a matsayin wanda ya jawo shi ƙungiya, alhali a littafin 'yan'uwansa na jini ne suka yi wannan ta wasiƙu da ziyara. Ɗalibin da ya kalli fim ya rubuta jarrabawa a kan littafi, ta irin waɗannan wurare ake gane shi.

Wajen saye, a buɗe ƙarshen littafin kafin a biya. Na Malcolm ya zama yana da babi 19, na ƙarshen mai taken "1965", sannan dogon bayanin Haley ya biyo baya. Kwafin da ke yawo a waya da bugun jabu sukan yanke wannan bayani ko su tsallake shafuka. Roots ya kai babi na 120, in bai kai ba taƙaitacce ne. Lambobin shafi suna bambanta daga bugu zuwa bugu, don haka mai ambaton wani wuri a rubutu ko a aji ya faɗi lambar babi tare da shekarar bugun da ke hannunsa.